Waɗanda Ƙuri'a Ta Tsallake

"Ni ne ɓarawo? Da furfurar tawa?" in ji mai kula da sito, yana huci.

"To aljanu ne suka kwashe?" Dakta ta daka masa tsawa. "Makulli a hannunka yake!"

Sufeton 'yan sanda ya tsaya a bakin ƙofa, ya bar su har suka gaji don kansu. Kwaɗon ƙofar lafiya lau, ba a fasa ba. Abin da ya ɓace kwalaye ne na abincin yara masu tamowa, irin wanda ake tsotsa daga jar leda.

Dakta, shugabar aikin, ta ce bincike suke yi. Masu ba da tallafi daga waje suna so su ga ko abincin yana aiki kafin su ƙara sakin hannu. An jefa ƙuri'a: yaran wannan gefen gada a ba su, na tsallake a auna su kawai, a kwatanta.

"A auna su kawai," Sufeto ya maimaita.

"Haka tsarin yake. In na tsallake suka ci, bincike ya lalace, a rufe aikin, kowa ya rasa."

Mai sito ya rantse makulli ba ya barin aljihunsa. Da Sufeto ya ƙura masa ido, sai ya tuna yakan rataye shi a ƙusa a ɗakin awo in zai fita cin abinci.

Direban aikin ya fi shi iya rantsuwa.

"Yallaɓai, motar nan ba ta taɓa haye gada da kwali ba."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya ɗaga kujerar baya. Wata jar leda ta fashe a ƙasa, ta manne, tururuwa sun yi mata caa.

"Wannan fa? Kai ne mai tamowar?"

Direba ya share gumi. "Sista mai awo nake kaiwa. Takan riƙo buhu, ta ce wanki ne."

A tsallake, iyaye mata suka haɗa baki. Ba su taɓa ganin jar leda ba, ba su ma san kalarta ba. Sufeto ya zaga bayan wani gida. Ga ledojin nan jere, an cika su da ƙasa ana renon dashen tumatir. Ransa ya ɓaci. Ya so a ce sayarwa aka yi, da kamun ya yi masa daɗi.

Ya tarar da Sista a rumfar awo tana ɗaura wa wani yaro tef a dantse. Wata 'yar mitsitsiya tana jan jakarta.

"Gwaggo, ba ni nawa."

Sista ta dubi yarinyar, ta dubi Sufeto, ta ajiye tef ɗin.

"'Yar ƙanena ce. Hannunta kamar tsinke yake. Kullum in auna, in ga tef ya nuna ja, alamar tamowa, in tattara kayana in tafi. Sai na ba ta ɗaya. Maƙwabciya ta gani, ta miƙo nata ɗan. Wa zan ce wa a'a?"

"Kin san kin rusa binciken?"

"Na sani."

"Sata ce, Sista."

"Ban ce ba ita ba ce."

Wayarsa ta yi ƙara. Dakta ce. Tun da safe ta sanar da masu tallafi, kamar yadda doka ta ce. Sun dakatar da komai, har ragowar kayan sito za a kwashe.

Sufeto bai sa wa Sista ankwa ba. Ya buɗe ƙofar mota, ta shiga da kanta.

Wata uwa ta biyo su da goyo, ta dafa gilas.

"Yallaɓai, mun ji, ku tafi da ita. To yanzu da aka ga abincin yana aiki, yaushe za a fara ba mu?"