Hannun Baba a Kan Gada

"Ina Baba?"

Auta tana tsaye a tsakiyar shagon, jakarta a kafaɗa. Hoton yana jingine da bango, tsayinsa ya kai ƙugunta. Tsohuwar gadar ƙarfe ce. Ruwan ƙarƙashinta ya kwanta fari sol kamar madara, bishiyoyin gaɓa sun yi baƙi, rana ta fara taɓa ƙarafan sama. Babu mutum ko ɗaya.

Mai Hoto ya ajiye tsumman da ke hannunsa.

"Rabin raina, zauna tukuna..."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina Baba?"

"Ya motsa."

"Ya yi me?"

"Ya motsa, Auta! Minti biyu na bar idon kyamara a buɗe. Abin da ya tsaya shi ke fitowa, abin da ke tafiya ya ɓace. Na ce masa ya tsaya cak. Ai kina wurin."

Tana wurin, gaskiya ne.

Baba mai walda ne. Shekara talatin da takwas yana ɗinke gadar nan duk inda ta tsage. Wutar walda ta cinye masa ido, yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Matarsa ta rasu, yayyen Auta kowa ya kama gabansa, saura ita. Ita ke ɗiga masa magani, ita ke gaya masa launin rigar da ya sa.

Ranar da Mai Hoto ya fara zuwa gaishe shi, Baba bai ko juyo ba.

"Sana'arka?"

"Ɗaukar hoto, Baba."

"Sana'a na tambaye ka."

Wata shida ana haka. Yaron bai yi zuciya ba. Ya kai Auta bakin kogi ya koya mata abubuwa: yadda ake durƙusawa har ƙasa don gada ta yi tsawo, yadda ake leƙa ta ta tsakanin rassan bishiya, yadda ake jiran iska ta tsaya don inuwarta ta kwanta a ruwa. Ya saya mata 'yar ƙaramar kyamara. Ta so shi, son da ba ta iya ɓoyewa. A ƙarshe Baba ya ce to ga maganar aurensu, amma daga maƙogwaro.

Sai aka liƙa sanarwa. An gama sabuwar gada ta siminti, za a yanke tsohuwar.

Kwana biyu Baba bai ci abincin kirki ba. A na uku ya ce, "Kira min yaron nan."

Da ya zo, Baba ya daɗe yana murza gwiwa. Bai saba roƙo ba.

"Ban taɓa yin hoto a kan gadar nan ba. Guda ɗaya nake so. Ni da ita."

"Baba, zan yi maka wanda ba a taɓa yi wa kowa ba!"

"Ba wanda ba a taɓa yi ba na ce. Ni da ita."

Suka je da sassafe, ranar ƙarshe kafin a rufe hanya. Baba ya sa farar rigarsa mai guga. Mai Hoto ya gangara gaɓa, ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya ciro wani baƙin gilashi zai ɗaura a bakinta. Baba ya ji ƙararsa ya miƙa hannu. Ya shafa, ya ɗaga shi saitin rana.

"Irin namu ne wannan. Na walda."

"Kusan haka, Baba. Yana rage haske, sai kyamara ta daɗe tana kallo. Ruwa ya yi laushi."

"Da na riƙa sa nawa kullum, da yau ina ganinka." Ya mayar masa. "Ashe ka san wani abu."

Wannan ne yabo na farko kuma na ƙarshe. Auta ta ji daɗi har ta sunkuyar da kai. Ta raka Baba tsakiyar gada, ta dawo ta ciro wayarta.

"Ajiye wannan, masoyiyata," in ji Mai Hoto yana dariya. "Hoton waya kuma? Ga ni a tsaye?"

Ta ajiye.

"Baba, ka tsaya cak!" ya ɗaga murya. "Kar ka motsa sai na ce!"

Baba ya tsaya, hannunsa a kan ƙarfen gefe. Bai daɗe ba yatsunsa suka taɓo wani ɗinkin walda. Ya bi shi. Ya taka zuwa na gaba, ya shafa, ya ƙwanƙwasa. Mutumin da bai taɓa tsayawa hannu sake a kan gadar nan ba, ba ranar zai fara ba. Haka ya yi ta tafiya har ƙarshenta. Mai Hoto kuwa kansa a sunkuye, yana ta dannawa.

"An gama?" in ji Baba, da suka haɗu a bakin hanya.

"An gama, Baba."

Bayan kwana huɗu aka sa wa gadar wutar yankan ƙarfe.

Yanzu ga Auta a shago, ga hoto, babu Baba.

"Ka duba allon kyamarar a ranar?" ta tambaya.

Ya ɗauki tsumman ya fara murzawa.

"Ka duba ko ba ka duba ba?"

"Na duba."

"Ka ga ba ya ciki."

"Na gani... Na ce bari in ƙara ɗaya na ruwan, sai in cire gilashin in ɗauke shi. Auta, da kin ga hasken nan! Minti sha biyar kawai yake yi. Na ƙara ɗaya, na ƙara ɗaya. Kafin in ɗago har ya sauko."

"Sau nawa ka ɗauka?"

"Bakwai."

"Bakwai! Cire gilashin daƙiƙa nawa ne?"

"Kunyarsa na ji. Ya zan ce wa Baba ya koma, na yi kuskure? Ranar ce fa ya fara yi min magana kamar mutum."

"Sai ka ce masa an gama."

Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ki saurare ni, abar ƙaunata. Masu mujallar da na aika wa sun gani. Sun ce ba su taɓa ganin gada ta yi kaɗaici haka ba. Suna so in bi kogin nan in ɗauki duk tsofaffin gadojinsa. Aiki ne na shekara biyu! Mu yi aurenmu, mu tafi tare..."

"Kaɗaici," ta ce.

"Baba kuma... ai ba gani yake ba. In yana so, zan iya ɗaukarsa a nan in liƙa shi a ciki. Ba wanda zai gane."

Ta dube shi. Kyakkyawa ne, kamar kullum. Ta tsani yadda zuciyarta ba ta daina bugawa dominsa ba.

"Ba shi ne a kan gadar ba ke nan."

"To ki kai masa haka. Ki ce yana ciki. Me zai rage shi da shi?"

Ta ce ba za ta iya ba. Ta faɗa sau biyu. Amma da yamma ita ce ta shiga gida rungume da hoton, domin tun safe Baba yake tambaya.

Ya shafa katakon gefen, ya shafa gilashin.

"Babba ne."

"Babba ne, Baba."

"Ina nake?"

Ta kama yatsansa ta ɗora a tsakiyar gada.

"Nan."

"Rigar ta fito?"

"Ta fito... fara tas."

"Na miƙe sosai? Ban ranƙwafa ba?"

"Ka miƙe."

Ya gyaɗa kai. Da kansa ya lalubi guduma, ya buga ƙusa a bangon falo, saitin kujerarsa. Auta ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta.

Mako uku hoton yana rataye. Duk wanda ya shigo sai Baba ya tashi, ya ƙirga taku biyu, ya ɗora yatsa.

"Ga ni nan."

Maƙwabta su dubi hoton, su dubi Auta. Ta roƙe su da ido. Su ce, "Masha Allah, ya yi kyau." Gwaggo ma da ta zo, ta buɗe baki, ta rufe. A kicin ta ce, "'Yar nan, kin mai da ɗan'uwana abin tausayi a cikin ɗakinsa."

Sai ga Dogo. Tare suka yi aikin gada da Baba, shi ke riƙe ƙarfe Baba na ɗinkewa. Mutum ne da bai san rufa-rufa ba.

"Makaho, kana nan da ranka?"

"Zan riga ka ne, da wannan tarin naka? Zo ka ga abin da ba ka da shi."

Dogo ya sa tabarau. Ya matsa. Ya ja baya. Auta tana bakin ƙofa da tiren shayi, tana girgiza masa kai. Bai kalle ta ba.

"Gadarmu ce. Kai, ta yi kyau! To kai kana ina?"

"Ga ni nan, gaban hancinka."

"Nan? Ƙarfe ne nan. Wallahi ko akuya babu a gadar nan!"

Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta. Bai sha shayin ba ya tafi.

Baba ya koma ya zauna. Bai ɗaga murya ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Mutum nawa na nuna wa?"

Ta ajiye tiren, ta durƙusa.

"Baba, ka yafe min..."

"Mutum nawa?"

"Sun kai ashirin."

"Ashirin." Ya shafa gemu. "Kira shi."

Mai Hoto ya zo cikin awa guda, ya zube a ƙasa. Ya yi bayanin gilashi, da minti biyu, da haske. Baba ya bar shi har ya ƙare.

"Ka ce in tsaya, ban tsaya ba. Wannan nawa ne. Na ɗauka."

"Baba..."

"Ban gama ba. Ni ma na sha ɓata ɗinki. In na ɓata, sai in kira shugaban aiki in ce na ɓata, a kankare a sake. Ban taɓa shafa fenti a kan tsaga in ce an gama ba. Mutane ke bi ta kai." Ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin yaron. "Ka ga ba na ciki?"

"Na gani."

"Hoton ya yi kyau?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Ya yi kyau, Baba."

"To, madalla. Tashi ka je. Maganar aure na riga na ce to, ba na lashe maganata. Tsakaninku ne."

Auta ta raka shi ƙofar gida. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kyamarar da ya saya mata.

"Kar ki yi min haka, Auta. Don Allah! Kuskure ɗaya?"

"Bakwai."

"Ina son ki! Kin san ina son ki!"

"Na sani. Ni ma... ni ma haka, shi ya sa na yi masa ƙarya. Tunda nake ban taɓa yi ba sai da na so ka." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "In na bi ka, wata rana zan ɓace maka a gabanka, haske kuma ya yi kyau. Ba za ka ɗago ba."

"Zan canja, rabin raina. Zan ƙi aikin!"

"Kar ka ƙi. Ka iya shi."

Ta sa masa kyamarar a hannu, ta rufe ƙofa. Ta daɗe jingine da ita tana jin tsayuwarsa a waje. Daga baya ta ji takunsa.

A falo Baba yana tsaye, yana laluben ƙusa.

"Zo ki sauke min wannan."

Ta sauke. Ta kai shi bakin taga za ta kife, hasken yamma ya faɗa a kan gilashin. Sai ta tsaya. A kan ƙarfen gefe, can tsakiya, inda Baba ya fara tsayawa kafin ya taka, akwai wani ɗan duhu, bai fi ƙwayar wake ba. Ta matso da ido. Jiki ya ɓace, riga ta ɓace. Amma hannun ya daɗe a wuri ɗaya, kyamara ta riƙe shi. Yatsu huɗu, dishi-dishi, sun kama ƙarfe.

"Baba... akwai hannunka."

"Kada ki ƙara min wata."

"Wallahi, Baba. Wannan karon wallahi."

Ta kama yatsansa ta ɗora. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Daga nan zuwa ina?"

"Hannun kawai."

"Fuska babu?"

"Babu."

"Yaron fa?"

"Ya tafi." Muryarta ta karye.

Baba bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya ɗora ɗaya hannun a kanta, mai kaushi, mai tabon wuta, ya bar shi a nan har kukan ya lafa.

"Mayar da shi bango," ya ce.

"Baba?"

"Mayar. Dama hannun ne ya yi aikin."