Gida Mai Lamba Tamanin da Huɗu

Ku matso kusa. Ba zan ɗaga murya ba, kuma ba zan maimaita ba.

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa motar masu bincike a jami'a. Aji huɗu na yi a firamare, ya ishe ni rubuta lamba da karanta allon hanya. Na kai masu kama sauro, na kai masu tonon saiwa, na kai masu auna jarirai. Su rubuta takardu a buga a ƙasashen waje, ni in wanke mota. Ban taɓa jin haushi ba. Kowa da aikinsa.

A bazarar da nake ba ku labari, tsargiya ake bincike, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Mutum uku ke da aikin. Dakta Ramatu likita ce, ita ke duba mutane. Malam Tukur yana bin bakin ruwa yana tsintar dodon-koɗi, wai a jikinsu cutar ke zama. Na ukun shi ne Malam Isiyaku mai lissafi, shi ba ya fita, yana ofis yana jiran takardu. Ni kuma ban da tuƙi an ba ni gwangwanin shuɗin fenti. Duk gidan da muka je in rubuta lamba a bango, in tambayi mutum nawa ne, mai gida ya dangwala yatsa a takardar yarda. Dokar Dakta ke nan. Ba yatsa, ba a rubuta gida.

Rafin Kanya ne ƙauyenmu na ƙarshe. Kwana goma sha tara muna yawo, kowa ya galabaita. Rana ta take tsaka, Dakta ta kishingiɗa a mota, Malam Tukur yana gyangyaɗi a inuwa. Gida tamanin da uku na rubuta. Sai na hango wani gida shi kaɗai a ƙetaren fadama. Na ce bari in ƙarasa mu tafi. Ban tashi kowa ba.

Tafiyar ba nisa. Amma da na isa, ba kaza, ba akuya, ko ƙuda babu. An share ƙofar gida tas, ba sawun kowa.

Na yi sallama. Ba a amsa ba. Na sake.

"Sannu," aka ce.

Tsohuwa ce a bakin zaure, ta lulluɓa har ƙasa. Ina kallon bakinta, amma muryar daga bayan kunnena take fitowa. Na ɗauka zafin rana ne. Na yi mata bayani kamar yadda aka koya mini, na tambaye ta su nawa ne a gidan.

"Mu ba a ƙirga mu."

Na saba jin haka, mutanen karkara da yawa ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya. Da ranar farko ce, da na yi godiya na juya. Amma na gaji. Na leƙa zaure, na ga takalma jere a gindin bango. Na ƙirga da ido, tara. Sai daga baya, a hanya, na tuna duk na ƙafar hagu ne.

Na miƙa mata tawada ta dangwala. Ba ta fito da hannu ba. Na juya mata baya, na dangwala nawa, na rubuta tara, na shafa tamanin da huɗu a bango. Ina tafiya ina jin ana kallon ƙeyata.

Muka dawo. Takardu suka tafi wurin Malam Isiyaku. Wata uku na manta.

Wata Talata ina kwance ƙarƙashin mota a garejin jami'a, rana tsaka, sauran direbobi sun tafi cin abinci. Sai na ga gefen zane a kusa da taya. Zane kawai. Tsakaninsa da ƙasa akwai tazarar yatsa biyu, kuma babu komai a wurin.

"Mai fenti."

Ban fito ba. Tsohuwar nan ce. Ta yi magana a hankali, kamar wadda ta daɗe ba ta yi barci ba. Ta ce tun kaka da kakanni ba a san yawansu ba, shi ya sa abin da ke ɗaukar mutane bai san inda zai same su ba. Yanzu an rubuta su. Ta ce su tara ne, sun koma bakwai.

"Yatsanka ne a takardar. Kai ka yarda a madadinmu. Na uku daga gidanka zai fito."

Na ce, "Iya, me zan yi?"

"Cire mu."

Da na koma gida na tarar da 'yata Ladidi kwance, shekararta sha ɗaya a lokacin. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Ta dai daina ci, tana kallon bango. Dakta Ramatu da kanta ta duba ta, aka ɗebi jini har sau biyu, ba a ga komai ba. Kullum sai ta ƙara yin fayau.

Da Talata ta zagayo na je ofishin Malam Isiyaku, abin da ban taɓa yi ba. Na roƙe shi ya goge gida na tamanin da huɗu. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ranar Juma'a za a aika da aikin wurin masu bugawa, in ya fita ya fita duniya ke nan, ba mai dawo da shi. Ya tambaye ni dalili. Na faɗa masa labarin tsohuwar. Bai yi dariya ba, mutumin kirki ne, amma ya ce shi ba ya goge mutum tara don direba ya sha rana. In ya fara cire abin da bai yi wa wani daɗi ba, aikin ya zama ƙarya. Na ga gaskiyarsa. Na fito.

Laraba ta wuce. Alhamis da safe Ladidi ba ta gane uwarta ba.

Hanya ɗaya ta rage, na kuma san abin da za ta ci mini. Na same su su ukun a ofishin Dakta. Na ce a ɗauko takardar yarda ta gidan, a kawo tawada. Na dangwala yatsana a gefen wancan. Akwai tabon wuƙa a babban yatsana. Ya fito sau biyu, iri ɗaya.

Dakta ta ajiye takardar.

"Baba Tanimu," in ji Dakta, "gida nawa ka yi wa haka?"

"Shi kaɗai, ranki ya daɗe."

"Ta yaya zan sani?"

Malam Isiyaku ya ja layi a kan gidan a gabana, ya goge shi a kwamfuta. Sannan ya ce dole a koma a sake bin duk gidan da na rubuta, ƙauye goma sha ɗaya. Aikin shekara biyu ya tsaya. Da muka fito, Malam Tukur ya ce ya yi kwana uku yana bin ƙetaren fadamar nan, bai ga gida ba.

Kafin la'asar na ajiye makullin mota. Ba a kore ni da faɗa ba. Dakta ta ce ta yarda da ni shekara tara, ba za ta iya ƙarawa ba.

Saura bango. Washegari na shiga motar haya, na sauka Rafin Kanya, na ƙetara fadama da wuƙa a aljihu. Babu gida. Wani dogon suri ne tsaye, ya fi ni tsawo, da tamanin da huɗu a jikinsa, rubutuna. Na kankare. Gara na fitowa tana komawa, ba wadda ta cije ni. Da na gama na tsaya.

"Ya isa," aka ce a bayan kunnena.

Na tambaya ko 'yata za ta tashi. Ta ce ta riga ta nemi kunu. Na ba ta haƙuri a kan biyun nan. Sai wani abu ya faɗo gabana, goruba biyu.

"Rabonsu ne. Ba mai ci a gida."

Na ɗauka, don ban ga yadda zan ƙi ba.

Ladidi ta tashi. Uwarka ce, Sagir, rufe bakinka. Aikin ya fito bayan shekara ɗaya da rabi, an ce ya yi amfani, an kai magani ƙauyukan. Ni na koma facin taya.

Duk shekara, ranar da ta zagayo, ina samun goruba biyu a bakin ƙofata. Ban taɓa ci ba, ban taɓa yarwa ba. Bana kwandon da nake zuba su ya kusa cika. Tsohuwar ba ta yi mini komai, so take kawai kada in manta.

Kada wanda ya ƙetare fadamar nan shi kaɗai, musamman rana tsaka. In kuma aiki ya kai ku ƙofar wani ya ce ba ya so, ku rufe littafi ku yi gaba. Ku tashi haka nan, bayana ciwo yake.