Tulun Da Ba Ya Yoyo

Ko sallamar kirki Hajiya ba ta yi ba, ta banko labulen falo. Ta iske matar ɗanta zaune kan kafet, littattafan fiƙihu a dama, na tarihi a hagu, kwamfuta a cinya.

"Ke 'Yar Boko! Me 'yata ta faɗa miki?"

'Yar Boko ta sauke kwamfutar. Digiri na uku take yi, tana bincike kan rayuwar matan Musulmi bayan mutuwar miji: abin da shari'a ta ce, abin da tarihi ya nuna, da abin da dangi ke yi musu a zahiri. Cikin matan da ta zanta da su har da Yaya Babba, yayar mijinta, wadda ta fita takaba bara.

"Sannu da zuwa Hajiya, ga wuri..."

"Ba zama ya kawo ni ba! An ce ta fito daga ɗakin nan ido jajur. Ni ta zaga ko?"

"Ki gafarce ni, Hajiya. Duk macen da za ta buɗe min cikinta sai na yi mata alkawari: ba suna, ba kai rahoto. Ko sufabaizana, malamin da ke duba aikina, bai san wa ta ce me ba."

"Sufa-uban-wa? Ni na haife ta!"

Ana haka sai ga Injiniya, maigidan. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya juyo yana raɗa, "Haba Madam, filis, ko kalma biyu ce ki faɗa a wuce wurin."

"Har da kai?" Hawayen takaici suka zubo mata. "Da kake zaryar gidanmu, ba cewa ka yi riƙon sirrina ya sa ka so ni ba? Yau kuma shi ne laifina?"

Hajiya ta nuna shi da yatsa. "In ni na haife ka, ko ta faɗa, ko ta bar gidan nan!"

Shi ya kai ta gidan iyayenta, idonsa ya kaɗa. "Saki dai ba zan yi ba," ya ce. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta sha baƙin ciki. Uwarta ma faɗa take yi: "Auren naki za ki kashe a kan karatu?" Hajiya ta turo gwaggo, ta turo kawu, ta yi lallashi, ta yi barazana — tamkar ana matsar dutse.

Rannan da hantsi sai ga Hajiya da kanta. Ta kori kowa, ta turo ƙofa, ta zauna fuska a murtuke.

"Ke, bakinki kamar an ɗinke. To ni ma na yi takaba, ina da goyo. Abin da dangin miji suka yi min na nan a ƙirjina kamar garwashi, don ban taɓa samun tulun da ba ya yoyo ba. Zauna ki ji. Amma in ɗana ya ji..."

"Ba suna, ba rahoto, Hajiya."

Sai da aka kira azahar tsohuwar ta goge ido. "Tashi ki haɗa kayanki, mai taurin kai."

Injiniya ya zo ɗaukarta, a mota ya karkato. "Wai me Hajiya ta ce miki?"

Ta galla masa harara.

"Sori, na tuba!"

To 'yan mata, ku buɗe kunne. Mai matsa miki ki tona asirin wani yau, in kin daure kin yi haƙuri, gobe shi zai kawo miki nasa ajiya. Amana ba ta kashe aure.