Allurar Lantarki a Bayan Munira

"Wayyo Allah bayana! Anti, ki rage wutar!"

Munira na rub da ciki a gadon asibiti a Dutse, siraran allurai cake a ƙugunta, kowace da waya zuwa wani ɗan injin. Chundung, ma'aikaciyar gashin ƙashi, ta murɗa makunnin.

"Ke amarya, wannan ɗan zir-zir ɗin kike wa kuka? Ki bari sai ranar naƙuda."

Munira ta yi dariya cikin hawaye. Tun da ta faɗo daga amalanke a gonarsu ta Buji, sai a zaune take sallah. Yanzu ne ta fara iya ruku'u.

Hankalinta kuwa yana bakin ƙofa, wajen Abdulbaƙi da za ta aura. Tun zuwan shari'a ya daina goya ta a babur. Sai ta shiga bas, shi ya biyo bayanta, tana leƙensa ta gilashi har Dutse.

Safara'u, 'yar ƙanen ubansa, ita ta kai gulma wajen uwarsa.

"Inna, wuta fa ake jona mata a ƙugu! An ce tana ƙone mahaifa ƙurmus."

Inna Adama ba ta tambayi kowa ba. Ta kafe: ko a bar allura, ko a fasa aure.

Munira ta bar allura, ba ta faɗa wa Abdulbaƙi ba.

Ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Da ya zo zance wata La'asar, ta yunƙura ta tashi daga tabarma ta kasa.

"Munira... kin daina zuwa?"

"Ni kai nake so, Yaya. Bayan ya yi ta ciwonsa."

"Wallahi ban yarda ba!" ya ce. "Sanyin idona, in aure ki kina rarrafe saboda ni? Gobe ki shiga mota."

"In sun raba mu fa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta koma asibiti. Aka aiko aka kwashe lefe. Malam Gwadabe, mahaifin Abdulbaƙi, ya ce wa ɗansa ko ya auri Safara'u ko ya sallama shi, yaron kirki kuwa ba ya ja da ubansa. Aka ɗaura masa aure da Safara'u. Manyan nan sun yi hukunci da jita-jita, kuma Allah zai tambaye su.

Bayan shekaru Munira da Abdulbaƙi suka haɗu a tashar Dutse. Ta auri wani malamin makaranta a Garki. Tana tafe a miƙe sambal, da goyo a bayanta.

Ya daɗe yana kallon yaron.

"Naki ne?"

"Na biyu ke nan."

"Bayan fa?"

"Ya warke, Yaya. Kai ka sa."

"Alhamdu lillahi," ya ce, idonsa ya cika taf.

Kwandasta na ta kiran Garki. Ta gyara goyonta ta shiga, ba ta yarda ta waiwayo ba.