Kiɗan Ƙetaren Titi

"Ɗauke hannunka daga kanta."

Muryar Doña Eulalia ce daga bakin ƙofar ɗakin kaya, a hankali ta yi maganar, amma Nelida ta ji ta har cikin ƙashinta. Tana cikin naɗe wa Yamandu yatsun da kiɗa ya farfasa, shi kuwa ɗaya hannun nasa yana kan babbar gangar marigayi Don Amaro, kakanta, wadda ba wanda ya kaɗa tun rasuwarsa.

"Kaka, ƙura ce kawai yake share mata..."

"Ba da ke nake ba."

Yamandu ya janye hannunsa, ya miƙe tsaye, ya cire hularsa.

"Ki gafarce ni, Doña. Ban yi nufin raini ba."

"Kai ɗan unguwar Palermo ne."

"Haka ne."

"To, hanyar gidanku tana ƙetaren titin Ejido. Ba ta da nisa, ba za ka ɓata ba."

Nelida ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta saki ƙyallen da ke hannunta, ta matsa ta tsaya tsakaninsu.

"Kaka, aurena yake so. Ni ma ina son sa. Na gaji da ɓoyewa."

Tsohuwar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Waje ruwa yake zuba, iskar kogi tana kaɗa kwanon rufin Zauren Farola, gidan wasannin da mijin tsohuwar ya kafa da hannunsa bayan an rushe babban gidan hayar da aka haife su duka a ciki. Gidan ya tafi, maƙwabta sun warwatsu, abin da ya rage wa unguwarsu, Unguwar Kudu, shi ne kiɗanta, mai nauyi, mai tafiya sannu kamar tsohon da ya san inda za shi. Kiɗan Palermo kuwa wuta ne, gudu ne, ganguna suna yi wa juna tsawa.

"Uwarki ma haka ta tsaya a gabana," in ji Doña Eulalia. "Ɗan Palermo ta kawo mini. Da gudu ya zo, da gudu ya ɗauke ta zuwa Buenos Aires, da gudu ya bar ta. Ke kaɗai aka dawo mini da ke a cikin zane. Gaggawa a jininsu take."

"Ni ba shi ba ne, Doña."

"Bakinka ya faɗa. Hannunka nake so in ji." Ta nuna gangar da sandarta. "Ranar rufe kakar wasanni, ta tunawa da mijina ce. Ka ɗauki gangar nan, ka yi kiɗanmu daga bakin wutar da ake gasa ganguna a titi har dandamalin zauren nan, ba tare da ka zame ko sau ɗaya ba. In ka yi, ka turo manyanka. In ka zame, kada in ƙara ganin inuwarka a kan jikata."

"Na yarda."

"Yamandu..." Nelida ta kama rigarsa.

"Na yarda, 'yar baƙata. Mene ne a cikin tafiya sannu?"

Kakar wasannin bana ta zo da baƙi fiye da kowace shekara. Masu busa daga Bolivia sun zo sun tafi. 'Yan wasan kwaikwayo daga Portugal sun sa matan unguwa kuka, ko da yake rabin maganar ba su fahimta ba. Sai 'yan rawa daga Haiti, ƙarƙashin wata doguwar mace mai furfura, Madam Ginette, waɗanda aka shirya za su zauna har ranar rufewa. Nelida ce mai jera kujeru, ita ce mai tare wuraren da rufi ke yoyo da bokitai, ita ce mai soya wa baƙi fanke duk ranar da aka yi ruwa. Ita ce kuma mai rawa a gaban gangunan unguwa.

Da yamma, in aiki ya lafa, ita da Yamandu sukan zauna a kan katangar bakin kogi, suna miƙa wa juna ƙoƙon shayin mate mai zafi. Yamandu yakan gwada kiɗan Unguwar Kudu a kan gwiwarsa, ita kuma tana taka rawa sannu a gabansa don ya auna hannunsa da ƙafarta.

"Sauri ka yi," ta ce.

"Ban yi ba."

"Ka yi. Wa yake korar ka ne?"

"Kakarki," ya ce, ya yi dariya, dariyar ba ta daɗe ba. "Nelida, kamar an ɗaure mini dutse a hannu. Tun ban iya magana ba babana yake kaɗa mini namu a bayana don in yi barci."

"Yi mini shi in ji."

"A nan? Ki rufa mini asiri."

"Ba kowa sai tsuntsaye. Yi mini, rayuwata."

Ya yi mata. Ta fara da tsokana, tana kwaikwayon matan Palermo, tana murguɗa kafaɗa, sai ga shi ƙafarta ta kama abin da gaske. Tun daga ranar, kowace yamma da shi suke rufewa, ita tana cewa ladan wahalarsa ne.

Waldemar shi ne mai gangar kira a Unguwar Kudu, ɗalibin Don Amaro na ƙarshe, wanda kowa ya ɗauka shi zai gaji babbar ganga, ya kuma auri jikar maigidansa. Nelida ta daɗe da gaya masa cewa yaya ta ɗauke shi. Abin da ya ba ta mamaki, shi ne ya fi kowa jan Yamandu a jiki a wurin gwaji.

"Ɗan ƙetare, yau ka ci abinci kuwa? Hannun naka kamar na mai zazzaɓi."

"Ina koyo, malam."

"Kana koyo. Wai yaya kuke yin kiran nan naku, wanda babbar ganga take amsawa? Nuna mini, ni ma in ƙaru."

Yamandu ya nuna masa da zuciya ɗaya. Waldemar ya maimaita, ya sake maimaitawa har ya zauna masa a hannu, ya dafa kafaɗarsa. Nelida tana gefe tana goge fitilu, ta ji daɗi har ta ƙara wa Waldemar fanke a faranti.

Ranar rufewa ta faɗo Lahadi, gari a lumshe, sanyi yana ratsa riga. Da la'asar aka hura wuta a gefen titi da tsofaffin jaridu da katakon akwati, aka kwantar da ganguna a kewaye, fatunsu suna fuskantar zafi don su ɗaure. Doña Eulalia da kanta ta fito da gangar mijinta. Ta sa farar riga mai faɗi, ta ɗaura kallabi, tana riƙe da mafici. Ba ta dubi Yamandu ba lokacin da ya rataya gangar a kafaɗa.

Suka taso.

Nelida tana gaba, ba ta iya waiwaye, da kunne kawai take bin sa. Kiɗan yana tafe da nauyinsa, daidai, ba gaggawa. Suka wuce kantin nama, suka wuce kwanar makaranta. Tsofaffi a bakin ƙofofi suna gyaɗa kai. Ta ji wata tana cewa, "Kamar Amaro ya dawo." Zuciyarta ta cika har ta rasa inda za ta sa ta.

Suka shiga zauren, wanda ya cika maƙil da baƙi da 'yan gari. Matakan dandamali kaɗai suka rage.

A nan ne gangar Waldemar ta yi kira.

Gajeren kira ne, mai kaifi, wanda ba a taɓa yin sa a Unguwar Kudu ba. Kafin Yamandu ya yi tunani, hannunsa ya amsa. Gangar Don Amaro ta yi tsawa da muryar Palermo, ta ja sauran suka ruga a bayanta, kiɗan ya kama da wuta.

Baƙi suka miƙe tsaye suna tafi. Madam Ginette ta dafe ƙirji, 'yan rawarta suna buga ƙafa. A ganinsu wannan ne ƙololuwar wasan.

Ba ɗan unguwa ko ɗaya da ya tafa.

Yamandu ya farga, ya janyo kiɗan ya mayar da shi gida, amma ya riga ya fita. Nelida ta waiwaya. Fuskarsa ta yi fari kamar toka, jini yana bin yatsunsa. A kujerar gaba, Doña Eulalia ta naɗe maficinta, ta dogara sandarta, ta bi ta tsakiyar masu tafi ta fice.

Nelida ta tarar da Waldemar a bayan dandamali yana shan ruwa.

"Kai ka yi wannan."

"Ni kira na yi, ƙanwata. Wa ya ce ya amsa?"

"A ranar maigidanka... a kan gangarsa..."

"Gangar da ya kamata ta kasance a kafaɗata." Ya ajiye kofin. "Gara ku san ko wane ne shi yanzu, da ku sani bayan kin haihu."

Ta bar shi, ta nufi gida a guje. Kakarta tana zaune kusa da murhu, ba ta ko cire kallabin ba. Nelida ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Kaka, tarko aka ɗana masa. Waldemar ne ya yi kiran."

"Na ji. Kunnena bai mutu ba. Waldemar ba zai ƙara rataya ganga a zauren nan ba muddin ina numfashi."

"To ki yafe wa Yamandu."

"Ban ce ya yi laifi ba, 'yata. Yaron kirki ne, na ga wahalar da ya sha. Amma an kira, ya amsa. Wata rana wani abu zai sake kiran sa, hannun zai tafi, shi kuma ya bi hannun. Na binne ɗaya. Ba ni da ƙarfin ta biyu."

"Kaka..."

"Ya yarda da sharaɗin da bakinsa."

Kiran bai jira wata rana ba. Washegari Madam Ginette ta nemi Yamandu, ta ce irin hannun da take nema ke nan, ya bi su zagayen da za su yi a Turai. A Palermo kuma labari ya riga shi isa: ya ƙetare titi ya koyi kiɗan wasu don mace, ya kuma kunyata. Abokansa suka daina kiran sa bakin wuta.

A kan katangar kogi ya gaya mata. Ƙoƙon mate yana tsakaninsu, ya huce, ba wanda ya taɓa.

"Can ba na shiga, nan ba na shiga. Ki zo mu tafi, Nelida. Ta ce tana da gurbin mai rawa."

"Da gudu, ko?"

"Kada ki yi mini haka."

"Ta tashar jirgin ruwan can uwata ta fita. Kaka tana tsaye tana kallon jirgin, ta gaya mini har kalar rigar da ta sa." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "In na bi ka, na kashe ta. Ka zauna, rayuwata. Mu jira. Zuciyarta za ta yi sanyi..."

"In zauna in kaɗa wa wa? Na ba ta kalmata. Ko a titi na gan ki, sai in sauya hanya." Ya dubi hannunsa mai ƙyalle. "Da zan iya yanke shi, da na yanke."

Ta ɗauki hannun, ta sumbaci yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ka yanke. Shi na fara so."

Ba ta je tashar jirgin ba. Ta tsaya a zauren tana tattara kujeru, da ta ji ƙahon jirgin daga nesa sai ta zauna a kan ɗaya daga cikinsu, ta daɗe ba ta tashi ba.

Sanyi ya wuce, itatuwan titi suka yi sabon ganye. An mayar da gangar Don Amaro ɗakin kaya. Nelida ta ci gaba da rawa a gaban gangunan unguwa, daidai, ba kuskure, sai dai mutane sun lura ta daina murmushi.

Wata Lahadi da yamma tana shanya a saman soro, kakarta tana zaune a kujera tana shan ranar da ta rage. Iska ta juyo daga gabas, ta kawo kiɗan Palermo daga ƙetaren titi, can ƙasa-ƙasa. Gangar kira ta yi kira, babbar ganga ta amsa.

Nelida ba ta san ta motsa ba. Rigar da za ta shanya tana hannunta, ƙafafunta suna takawa da sauri, kafaɗarta tana bi. Sai da ta juyo ta ga idon kakarta a kan ƙafafun, sannan ta tsaya cak.

Tsohuwar ta ɗago ido ta dube ta.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ranar, Kaka."

"Ashe a cikin gidana ma an amsa." Ta sunkuyar da kai, ta juya maficin a cinyarta. "Ina yake yanzu?"

"Ban sani ba. Sun bar Lisbon, ban ji inda suka nufa ba."

"Ba ya aiko da saƙo?"

"Ya ba ki kalmarsa."

Doña Eulalia ta rufe ido. Kiɗan yana ta matsowa, yana bin titin nasu na can.

"Ƙarasa rawar," ta ce a hankali. "Ba zan duba ba."

Nelida ta tsaya tana saurare, rigar tana ɗiga a kan ƙafarta. Ta ɗaga ƙafa za ta taka, sai iska ta sauya, ta mayar da kiɗan inda ya fito.