Jakar Kaka a Cikin Rumbu

A Ƙauran Namoda an yi wata yarinya 'yar aji huɗu, mai taurin kan tsiya. In ta ce a'a, to sai dai haƙuri. Kakarta Asta ce ta goye ta, ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya.

Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara, Kaka ta samu kujerar Makka. Kowa na murna, ban da yarinyar. Ta sha jin labarin mahaifin Kaka, Alhaji Namadi, wanda ya tafi Makka a ƙasa, bai dawo ba sai da ya shekara bakwai.

A makaranta Malama Nazifa ta ce, "Daga Sakkwato zuwa Jidda kusan kilomita dubu huɗu ne. Jirgin sama na zuwa cikin awa biyar."

Yarinyar ta miƙe zumbur. "Malama, ban yarda ba! Jirgin ƙasanmu ma wuni yake yi bai kai Zariya ba."

"Zo in nuna miki a taswira."

"Ba na so!" Ta toshe kunnuwanta.

Ranar tafiya, motar maniyyata ta tsaya a ƙofar gida. Aka nemi jakar Kaka mai fasfo a ciki, sama ko ƙasa babu.

Baba ya dubi yarinyar. "Ke, kin ga jakar Inna?"

"Ni na ɓoye ta, Baba. Kuma ba zan faɗi wurin ba, ko za a doke ni! Ba za ta tafi ta bar ni shekara bakwai ba."

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta ƙi. Direba ya gaji da jira, ya ja motarsa ya tafi.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa, hawaye na zuba. "Tun ina budurwa nake roƙon Allah wannan rana," in ji ta.

Wayyo! Nan take yarinyar ta miƙe. Ta ruga ta faɗa cikin rumbun gero, ta fito da jakar, kanta duk ƙaiƙayi. "Kaka, ki yafe mini."

Baba ya goya Kaka a babur. Da ƙyar suka cim ma motar a hanyar Gusau.

Bayan kwana biyu, da hantsi, rediyo ya ce jirgin su Kaka ya tashi daga Sakkwato. Kafin la'asar aka ce ya sauka Jidda lafiya. Yarinyar ta ƙirga da yatsu. Awa biyar! Washegari ta ba Malama haƙuri, ta ce a nuna mata taswirar.

Da Kaka ta dawo bayan wata guda, ta jefa mata dabino a baki. "To, ƙawata, shekara bakwai ɗin ta cika?"

Yarinyar ta rufe fuska tana dariya. Daga ranar ta gane cewa abin da ba ka sani ba, tambaya ake yi, ba gardama ba.