Kofin Ruwa Daga Tulun Gabas

Da la'asar Abdulghani ya taso daga aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya tsaya a ƙofar bayan gidan da ake zaman sulhu, ya yi sallama ya roƙi ruwa. Hannu ya fito ta gefen labule da kofi. Iska ta ɗaga labulen, sai ya ga fuskar Mastura. Kyakkyawa ce, amma fuskar ko motsi babu, kamar wadda aka tasa daga barci ba ta gama farkawa ba.

Ya shanye tas, ya miƙa kofin. "A ƙara mini?"

"Kai ɗan wane ɓangare ne?"

"Yamma, in ji Baffana. Ni dai a nan Jidda aka haife ni."

"To ka sha ruwan Gabas," ta ce, ta saki labulen.

Bawan Allah bai san ya jawo magana ba. Iyayensa da na Mastura duka 'yan tsibirin Dabbara ne, can kusa da gaɓar Sudan, inda wasu Hausawa mahajjata suka yada zango tun zamanin kakanni, ba su ƙara gaba ba. Rijiyar ruwan daɗi ɗaya ce a tsibirin, a kanta aka rabu, aka jera duwatsu tsakanin Gabas da Yamma. A faɗan ƙarshe dutse ya sami Rafi'u, yayan Mastura, ya mutu, ba a san hannun wa ya jefa ba. Daga ranar ba mai shan ruwan wani. Ɗan Yamma in ya sha na Gabas, ya yarda rijiyar tasu ce. Ɗan Gabas in ya ba da nasa, ya yafe jini. Shi ya sa ko da dattawan suka zauna sulhu a Jidda bayan aikin Hajji, kowa da tulunsa ya zo.

Mastura ta san duk wannan. Sai dai tun rasuwar Rafi'u ba abin da ke taɓa ta, daɗi ko akasinsa. Komai aka ce mata, amsarta "to".

Othman, ɗan Gwaggonta Luba, wanda ya daɗe yana sa rai da ita, shi ya ga ta miƙa kofin, kuma kafin magariba ya kai wa mahaifinta. Mahaifin nata, Malam Hamad, shi ne jagoran mutanen Gabas.

"Jinin yayanki kika yafe da kofi ɗaya?"

"Ƙishirwa yake ji, Baba."

Shi ma Abdulghani ya sha faɗa wurin Baffansa. Duk da haka washegari sai ga shi a ƙofar Gwaggo Luba, inda Mastura take zaune, wai ya zo ba da haƙuri. Haƙurin nan bai ƙare ba har sati ya zagayo. Gwaggo ta kan zauna tsakaninsu da maficinta, tana yi kamar gyangyaɗi take.

"Tura, ke ba kya dariya ne?"

"Sunana Mastura."

"Na sani, ya ƙalbi, zuciyata. Rage shi na yi don ya shiga aljihuna in tafi da shi aiki."

Ba ta yi dariya ba. Amma da ya tashi tafiya ta ce, "Gobe kana zuwa?" Ita kanta ta yi mamakin bakinta.

Da Malam Hamad ya hana shi zuwa, Gwaggo ce ta koma 'yar aike, ta kan dawo daga kasuwa da saƙo a baki: "Ya ce in gaya miki, 'Tura, yau buhu ya faɗo mini a ƙafa ina tunaninki. Ƙafar ta warke, tunanin bai warke ba.'"

Ana haka zaman sulhu ya cije. Sai wani dattijo ya kawo dabara: tunda yaran nan suna son juna, a ɗaura musu aure, Yamma ta karɓi 'yar Gabas, a rufe maganar jini da ta rijiya gaba ɗaya. Kowa ya ce madalla. Othman kuwa ya garzayo gida.

"Kin zaci sonki yake? Baffansa ne ya turo shi tun farko. Ke ce murfin rijiya."

Mastura ta ji maganar ta wuce ta cikinta kamar ruwa a kwando. Abu ɗaya tak ta fara ɗauka nata ne a duniya, ashe shi ma na dattawa ne. Ta ce wa Gwaggo, "Ki gaya masa, 'Na ji an ce da ni za a rufe magana. To.'"

Wannan "to" ɗin ta hana Abdulghani cin abinci. Washegari ya shiga zauren sulhu da kayan aikinsa, ya durƙusa gaban dattawa.

"Ku gafarce ni. Ku cire Mastura daga maganarku. In aurenta sharaɗin sulhu ne, wallahi ba na so. Halas, shi ke nan."

Baffansa ya daka masa tsawa. Mutanen Gabas suka ce an wulaƙanta 'yarsu, na Yamma suka ce yaro ya kunyata su. Kowa ya ɗauki tulunsa, zaman ya watse.

Bayan kwanaki ya je wurin Malam Hamad shi kaɗai, ba rakiya, ya kira shi da Ammi, wato Baffa da Larabci.

"Ya Ammi, na ɓata muku sulhu. Yanzu aurenta ba zai amfani kowa ba sai ni. Na zo roƙo."

Tsohon ya kira 'yarsa. "Kin ji abin da ya ce. Kada ki ce mini 'to'."

Ta sunkuyar da kai. "Ina sonsa, Baba."

Aka ɗaura aure bayan Juma'a. Dangin ango suka zauna gefe, na amarya gefe, liman a tsakiya yana addu'a da ƙarfi don ta isa kowane ɓangare. Gwaggo Luba ta rangaɗa guɗa ita kaɗai har muryarta ta dishe.

Ranar da jirgin mutanen tsibiri zai tashi, ango da amarya suka raka Malam Hamad tasha. Ya dafa kan Mastura.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'ar da ba ta san Gabas da Yamma ba. Amma ki sani, yanzu ke matar Yamma ce. In an yi sulhu zan zo gidanki. In ba a yi ba, kada ki jira ni, 'yata."

Ya hau jirgi bai waiwayo ba. Mastura ta damƙe hannun rigar mijinta da ƙarfi.

"Tura, lafiya?"

"Zafi nake ji, Abdulghani. A nan." Ta dafa ƙirjinta.

"Ina tare da ke," ya ce. "Yalla, mu je gida."